Farin zare tsakanin layi da launi: amsoshin tambayoyinku kan zanen kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon buga katin biki da allon talla. Na mayar da hoton wani tambari zuwa zanen layi a manhajar zane ta Inkscape, sai ga siririn fari tsakanin baƙin layin gefe da jan launin ciki. Na yi ta gyara, yana nan daram. Zai fito a bugu?
Mai karatu daga Garwa

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka taɓa komai, ƙara girman zanen a fuskar kwamfuta zuwa kashi 800, sannan 3200. Idan farin yana ƙara faɗi, giɓi ne na gaske. Idan kuwa ya tsaya siriri kamar zare, ko ya ɓace nan ya ɓullo can, zanenka lafiyarsa ƙalau, yadda manhaja ke nuna shi ne.

Fuskar kwamfuta ɗigo-ɗigo ce, ana ce musu fiksel. Lanƙwasasshen layi ba ya bin iyakarsu, don haka manhaja take gauraya launin gefe da na baya kada zane ya yi haƙora. To a ce iyakar ja da baƙi ta raba fiksel ɗaya gida biyu. Ja ya fara sauka ya rufe kashi 50, saura kashi 50 na fari. Baƙi ya zo da nasa rabin, amma manhajar ba ta riƙe wane ɓangare ja ya rufe ba, sai kawai ta shafa rabin baƙi a kan abin da ta tarar. Rabin rabi, wato kashi 25 na farin baya, shi ke leƙowa. Idan irin wannan fiksel ya jeru a tsawon iyaka, ga zarenka.

Layin gefe na asali ba ya kawo haka, domin a tsakiyar iyaka yake zaune: layi mai kaurin milimita 2, ɗaya na ciki ɗaya na waje, ya riga ya hau kan launin. Matsalar takan taso ne idan siffofi biyu suka haɗu baki da baki ba wanda ya hau wani. Hakan na faruwa bayan mayar da hoto zane da maɓallan Shift+Alt+B a Inkscape, ko bayan an mayar da layin gefe siffa mai zaman kanta, da Ctrl+Alt+C a Inkscape ko Ctrl+Shift+Q a manhajar CorelDRAW, aka kuma yanke wurinsa daga launin ƙasa.

Maganinsa ɗaya ne, su hau juna. Zaɓi jan, ka ba shi layin gefe ja irin launinsa sak, kaurin milimita 0.1 zuwa 0.2, ka danna maɓallin End ya koma ƙarƙashin baƙin. In za ka sake aikin daga hoton, kunna zaɓin Stack a tagar mayar da hoto zane, wanda a Inkscape na Faransanci yake Empiler: launuka za su zauna bisa juna maimakon a yanka su gefe da gefe. Wannan ya fi mana tsabta, sai dai bai dace da injin yankan sitika ba, domin wuƙa za ta bi har layukan da ke ɓoye.

Batun bugu kuwa, injin da ya karɓi PDF a matsayin zanen layi galibi ba ya nuna zaren. Amma da zarar ka fitar da PNG ko JPEG don tura wa mai bugu ta WhatsApp, zaren ya shiga cikin hoton ke nan, kuma a allon talla mai mita 3 kowa zai gan shi. Gyara tukuna, sannan ka fitar.

Tambaya: Ni nawa akasin haka ne. A kwamfuta babu komai, amma idan na buga riga da raga, launi biyu, farin yadi na leƙowa ta gefe guda.
Mai karatu daga Injamena

Amsa: Naka ba laifin manhaja ba ne. Kowane launi da ragarsa, yadi kuma yana miƙewa, raga tana sakewa, don haka na biyu ba ya sauka daidai inda na farko ya tsaya. Ko manyan injinan buga takarda sai an bar musu rara kamar maki 0.25 (maki ɗaya milimita 0.35 ne). A riga sai ka ƙara: faɗaɗa launin da ya fi haske da maki 0.5 zuwa 1, ya shige ƙarƙashin mai duhu. Rawaya ko ja su fara, baƙi ya zo ƙarshe ya rufe. Kada ka faɗaɗa baƙin, siffar haruffa za ta lalace. Sanya alamun saiti a kusurwa huɗu na kowane fim, wato farantin roba mai ɗauke da zanen launi ɗaya da ake haɗa raga da shi, kuma idan giɓin ya wuce milimita 1, duba ɗaurin ragar da mannewar rigar a kan katako.