Amsa: Doka kaɗai za ta iya rage hayaƙin gine-gine?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa gwamnati ba za ta kafa doka kawai ta tilasta wa masu gine-gine rage hayaƙin kabon (iskar da ke ɗumama duniya, wadda ke fita idan ana ƙona mai ko gas don samar da wuta) ba, sai an jawo kowa da kowa. Dalilin yana tsakanin mai gini da ɗan haya. Mai gini ne zai kashe kuɗi ya sauya na'urar sanyaya ɗaki da fitilu, amma ɗan haya ne zai ga sauƙin kuɗin wuta. Shi kuma ɗan hayan, idan ya tashi aiki ya bar kwamfutoci da fitilu a kunne har asuba, gyaran ya tashi a banza.

Dubi birnin Tokyo na Japan. A watan Afrilun 2010 hukumar birnin ta ƙayyade hayaƙin manyan gine-gine da masana'antu sama da 1,000. Zangon farko, 2010 zuwa 2014, an nemi ragin kashi 6 ko 8 cikin ɗari, na biyu kuma 15 ko 17. Wanda ya rage fiye da adadin da aka yanka masa yana iya sayar wa wanda ya gaza rarar. Abin da ya fi burge ni shi ne dokar ta ɗora wa 'yan haya nauyin ba mai gini haɗin kai, manyan cikinsu ma sai sun miƙa nasu shirin a rubuce. Kafin nan kuwa, tun 2002 ake sa masu ginin kai rahoton makamashinsu, shi ya sa da aka zo yanka adadi kowa ya san inda ya tsaya.