Idan Kayan Waje Suka Durƙusar da Masaƙa, Wa Zai Tallafi Ma'aikaci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina ya daɗe yana aiki a wata masaƙa a Kakuri, har aka rufe ta bayan atamfar waje ta cika kasuwa. Na ji an ce a Amurka gwamnati na biyan irin waɗannan ma'aikata. Gaskiya ne? Mu ma muna da irinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Gaskiya ne, amma da sauran magana.

Shirin da kake nufi shi ne TAA, wato tallafi ga ma'aikatan da kayan waje suka raba da aikinsu, wanda aka kafa a 1962 zamanin Shugaba Kennedy. Hujjarsu ita ce, idan gwamnati ta rage kuɗin fito, kowa zai sayi kaya da araha, amma 'yan garuruwa kaɗan ne za su kwana a ciki. To, wanda ya ci ribar ya kamata ya taimaki wanda ya yi asarar. Da farko sharuɗɗan sun yi tsauri har ba a amince da ƙorafi ko ɗaya ba sai 1969, sannan dokar 1974 ta sassauta su.

A lokacin da shirin ke karɓar ƙorafi, ma'aikata ko ƙungiyarsu ko kamfanin kan kai takarda Ma'aikatar Ƙwadago, ita kuma ta bincika ko kayan waje ne suka ci aikin. In ta tabbatar, sai a biya wa mutum kuɗin koyon sabuwar sana'a, a riƙa ba shi alawus duk mako muddin yana karatun, wani har mako 130. Wanda ya kai shekara 50 kuwa, in ya samu aikin da bai kai na da albashi ba, sai a cike masa rabin giɓin, har dala 10,000 cikin shekara biyu. A ganina wannan ne ya fi ma'ana, don ba kowane dattijo ne zai koma aji ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne tabbatar da dalili. Ɗauki Kaduna: atamfar fasa-ƙwauri ce ta kashe masaƙun, ko rashin wuta, ko tsadar baƙin mai, ko tsufan injuna? Duk sun haɗu. Mai sayar da abinci a bakin ƙofar masaƙa kuma, da ita ma kasuwarta ta mutu, ba ta cikin lissafi ko a can Amurka. Daga 1 ga Yulin 2022 ma aka daina amincewa da sababbin takardu, saboda majalisa ba ta sabunta dokar ba.

Mu a Najeriya ba mu da irin wannan shiri. Asusun naira biliyan 100 na farfaɗo da auduga da masaƙu, wanda ya bi ta Bankin Masana'antu, rance ne ga kamfanoni, ba ga ma'aikacin da aka sallama ba. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ce ne a sanar da ƙungiyar ma'aikata, a kuma yi ƙoƙarin daidaitawa kan kuɗin sallama. Dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda bai kai 50 ba ya ciri kashi 25 cikin ɗari na asusunsa bayan wata huɗu ba aiki, amma wannan tsarin asusu a 2004 ya fara. In an rufe masaƙar Baba kafin nan, ku haɗa takardar ɗaukarsa aiki da ta albashi, ku tuntuɓi ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, hedikwatarta na nan Kaduna.