Ku Tambayi Injiniya: Wajen zama a bayan gida, katako ko kankare?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, sannu da ƙoƙari. Dan Allah ina da ɗan fili a bayan gida kamar mita 4 da mita 5, da damina taɓo ne yara su kwaso su shigo min da shi har falo, da rani kuma ƙura. Ina gani a Instagram irin dandamalin katakon nan da Turawa ke yi a bayan gidajensu a jera kujeru ana shan shayi, wallahi ya shiga raina sosai. Maigidan ya ce in bincika shi zai biya, shi ne na ce bari in yi sauri in tambaya kafin ya canza shawara. Daga wata uwargida a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa maigida buɗi. Toh gaskiya ni dai ban ba ki shawarar katako ba. Su can Amurka akwai dalilin da ya sa suke yinsa, gidajensu da yawa dama na katako ne kuma a ɗage suke daga ƙasa, wani gidan ma a gangare yake, saboda haka ya fi musu sauƙi su kafa ginshiƙai su shimfiɗa katako daidai da ƙofar baya, sannan katakon da suke amfani da shi a masana'anta ake tura masa magani da ƙarfin inji har cikin jikinsa. Mu namu na kasuwa fa? Yawanci ɗanye ake yankowa, kafinta ya shafa masa maganin katako na Solignum ko baƙin mai a sama ya ce an gama. Gara ba ruwanta da wannan, ta ƙasa take biyowa ta ci cikin ta bar miki fatar. Ga zafin Maris zuwa Mayu da kan haura digiri 40, ga ruwan Agusta ya jiƙa shi ya kumbura, hunturu ya zo ya busar da shi ya tsage ya karkace, ƙusoshi su ɗago kai. Sannan ƙarƙashin dandamalin wuri ne mai duhu da sanyi, ɓeraye da kunamu ba abin da suke so kamar haka, ke kuma ga yara.

In kin ce lallai sai katako toh a yi firam ɗin da ƙarfe a kan ginshiƙan kankare yadda katako ba zai taɓa ƙasa ba, a sa iroko ko maɗaci busasshe, a bar tazarar kamar milimita 5 tsakanin kowane biyu saboda ruwa ya zube, kuma a yi masa rumfa. Kuɗinsa kuwa maigida sai ya gyara zama.

Abin da zai fi miki shi ne daɓen kankare, kuma aikin gaskiya duk a ƙasa yake inda ido ba ya gani. A kwashe baƙar ƙasar sama da ciyawa da saiwoyi gaba ɗaya, a zuba marmara, amma ba a juye tifa guda a baje ba, kaɗan kaɗan ake zubawa kamar santimita 15 a yayyafa ruwa a daddanne da inji sannan a ƙara wani. Iyayenmu mata ma da suke daɓen gargajiya da tsakuwa da ruwan makuba ai wuni suke yi suna dukan ƙasa da madaɓi suna waƙa, sun san dukan shi ne aikin. A yi feshin maganin gara kafin a shimfiɗa leda, sai a zuba kankare mai kaurin inci 4 wato santimita 10.

Kwaɓin kuma ki riƙe wannan da kyau don a nan ake cutar mutane: buhun siminti ɗaya mai kilo 50, yashi kwanon sarki 4, tsakuwa kwanon sarki 8. Filinki mita 20 ne murabba'i, a wannan kaurin zai ci wajen buhu 13. Duk birkilan da ya ce miki buhu 7 ya isa toh yashi zai shimfiɗa miki. Kuma ki hana su cika ruwa a kwaɓin, leburori suna son ya yi ruwa ruwa don ya yi musu sauƙin ja da shebur, amma hakan ke kashe ƙarfinsa daga baya ki ga sama yana ƙura in an share.

Sai gangare, wannan ko ba kya nan ki sa wani ya tsaya a kai. Ruwa ya gudu daga jikin ginin ya nufi kwata, a kowace mita a sauka santimita 2, kin ga a mita 5 santimita 10 ke nan. Kuma saman daɓen ya zama ƙasa da daɓen cikin gida da aƙalla santimita 15, in ba haka ba ruwan sama in ya daki ƙasa ya fantsamo bango zai sha, nan da nan fenti ya fara ɓarewa daga gindi. A tsaga layi a tsakiya ta kowane ɓangare ya rabu gida huɗu, kankare dole ya motsa da zafi da sanyi, in an yi masa layi sai tsagewar ta bi ta nan ba ta ɓata miki fuskar wurin ba. Bayan an gama a riƙa ba shi ruwa safe da yamma kwana 7 a rufe da buhunan algarara ko leda, balle in da hunturu ne. Cikakken ƙarfinsa sai ya kwana 28, kar a ɗora masa tankin ruwa kafin nan.

TAMBAYA: Salam Oga Injiniya. Ni intalok na sa a tsakar gida bara, yanzu wajen da nake fakin ya lotsa ruwa na kwanciya, ciyawa kuma ta fito ta ko'ina, mai aikin ya ce wai laifin ƙasar wajen ne. In fasa in yi kankare ne? Daga wani magidanci a Kaduna.

AMSA: Wa alaikas salam ɗan'uwa. Kar ka fasa, ai amfanin intalok ke nan, ana ɗaga shi a gyara ƙasa a mayar. Kuma ƙasa ba ta da laifi, ba a danne ta ba ne, ko kuma an cika yashi a ƙarƙashi don a samu lebur cikin sauƙi. Yashin shimfiɗa bai kamata ya wuce santimita 3 zuwa 4 ba. Ka ciro guda ɗaya ka auna kaurinsa, mai milimita 60 na tafiyar ƙafa ne, inda mota ke hawa mai 80 ya fi. Ka duba gefe ma ko an ɗaure shi da kankare, in babu abin da ya tokare bakin, tayar mota na turawa suna buɗewa a hankali.

Ita ciyawa yawancinta ba daga ƙasa take hudowa ba, iska ce ke kawo irin ya faɗa tsakanin duwatsun, shi ya sa ko an sa leda a ƙasa sai ka ganta. A share busasshen yashi mai laushi ya cike ramukan tam, wadda ta fito a cire ta tun tana ƙarama. In akwai bishiyar ambirela kusa da wajen toh ita ma ka tuhume ta, saiwarta a sama sama take tafiya tana ɗaga komai. Kuma dan Allah in an zo mayarwa kar a binne murfin sokawe.

TAMBAYA: Malam na yi rumfar kwano a tsakar gida don mu riƙa zama, amma da rana ko akuya ba ta yarda ta kwanta a ciki. Mene ne mafita? Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

AMSA: Alhaji ina kyautata zaton rumfar ta yi ƙasa. Kwano in ya ɗau rana zafin yake saukowa da shi kan mutum kai tsaye, a ɗaga ta zuwa mita 3, a sa silin a ƙarƙashi ko da zana ce ko asabari, a bar iska tana ratsawa tsakaninsa da kwanon. Farin kwano ya fi mai duhu sanyi nesa ba kusa ba. Ɓangaren yamma a tare shi da asabari ko a dasa darbejiya can nesa da bango, don ranar la'asar ta gefe take shigowa rufin sama ba ya tare ta. Amma in ka ɗaga ta ka tuna guguwar farkon damina daga gabas take tasowa, ƙafafun su shiga kankare sosai, kwanon kuma a ɗaure shi da noti mai roba, ƙusa zalla ba za ta riƙe ba.

TAMBAYA: Yaya Injiniya akwai ragowar tayil ɗin falo da ya rage mana, zan iya sawa a barandar waje? Mama ce ke zama a wajen tana alwala. Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: A'a ƙanwata, tunda Mama ce kuma ga ruwan alwala kar ki soma. Tayil ɗin falo mai sheƙi ne, yana jiƙewa ya zama santsi, kuma karayar ƙugu ga dattijo ba ƙaramin abu ba ne. Ki nemi na waje mai kaushi, a shagon ki zuba masa ruwa ki goga tafin hannu ki ji ko yana kamawa. In kuɗi bai kai ba a yi siminti zalla, kafin ya bushe birkila ya ja tsintsiya a kai ya yi zane zane, a gina mata ɗan dakali na zama da magudana a gabansa. Ragowar tayil ɗin a manna a jikin bangon wajen alwalar inda ruwa ke fantsama.