Bos ɗin da ba ya ɗaga murya

Assalamu alaikum 'yan guruf. Ƙanena, na saurari muryarka tun la'asar, sai yanzu bayan isha'i na samu zama. Ka ce ka rubuta wasan da butum-butumi ke ƙwace Gusau, ka karanta ma abokanka maganganun bos ɗin sai sunka fashe da dariya, kai ko tsoro kake so su ji. To na duba shafukan da ka turo. Kada ranka shi ɓaci, ni ma na yi dariyar.

Ka san dalili? Kirari ka ba shi. "Ni ne sarkin halaka, zan murƙushe ku kamar kiyashi." Ai wanga ɗan dambe ne gaban makaɗi. Mai kirari jama'a yake jira su yi shewa, ke nan yana da buƙata wurinsu. Duk bos ɗin da ke jiran a ji tsoronshi, mai kallo ya gama raina shi.

Akwai wani tsohon fim na 1968, 2001: A Space Odyssey, na Stanley Kubrick. Mugun ciki kwamfutar jirgin sama jannati ce, HAL 9000. Ba hannu, ba fuska, jan ido guda kawai da muryar Douglas Rain. Ta kashe mutum huɗu, uku suna cikin barci. Na biyar ɗin yana waje, cikin sarari inda babu iskar shaƙa, yana cewa ta buɗe mai ƙofa. Sai ta kira sunanshi a hankali, ta ba shi haƙuri, ta ce ba za ta iya ba. Kamar ma'aikacin da ke ce maka an tashi, ka dawo gobe. Da ya matsa, ta ce maganar ba ta da sauran amfani, ta yi mai sallama. Wallahi tsigar jikina ta tashi ranar da na fara gani. Ba ta fushi da shi, shi ya sa ba ta inda za ka lallashe ta. Mai fushi ana ba shi baki shi huce. Wanda ya riga ya gama lissafi fa, mi za ka ce mai?

Mu nan ma ba sai Turawa sun koya muna wanga ba. Duk wanda anka taɓa ɗauke mai ɗan'uwa zai gaya maka, cikin masu bugo waya wanda ke zagi da hargowa da sauƙi a kan wanda zai gaishe ka, shi tambayi iyali, sannan shi faɗi kuɗi da rana. Allah shi kawo muna ƙarshen abin. Bari in bar nan.

Sai yawan magana. Arnold Schwarzenegger a Terminator na 1984 da ƙyar yake buɗe baki, abin da zai kai shi ga matar da yake farauta kawai yake faɗi. Shi ɗin dai, a fim ɗin Batman na 1997, anka ba shi bos mai daskarar da mutane, kusan duk jimla sai ya yi wasa da kalmar ƙanƙara ko sanyi. Mutum guda, ƙirji guda, amma na biyun ko yaro bai tsorata ba, don da mu 'yan kallo yake magana, ba da wanda ke gabanshi ba. Irin abin da wasu masu fassarar finafinan Indiya ke yi ke nan, su cusa ma bos barkwancin tasha a baki. Ana dariya a gidan kallo, awo, amma fim ya mutu.

Ban ce bos ba ya raha ba fa. Darth Vader, a fim na biyu na Star Wars, 1980, wani kyaftin ya zo ba shi haƙuri kan jirgin da ya kuɓuce mai. Ba mu ji mi sunka ce ba, sai dai munka ga mutum ya zube ƙasa matacce, sannan Vader ya ce ya karɓi haƙurin. Raha ce, amma gawa na kwance, ba wanda ya yi dariya a ɗakin. Muryar James Earl Jones ce, wanda ya rasu a 2024, ga kuma numfashin nan da anka ɗauka da na'urar masu nutso cikin teku. Ko ya yi shiru kana jin yana nan.

To ga abin da za ka yi. Shafi na uku, inda butum-butuminka ya tare mai gadin tashar ruwa, goge kirarin duka. Shi gaishe shi da sunanshi, shi ce ya san 'yarshi ƙarama tana tashi islamiyya ƙarfe shida, sannan shi nemi makulli da ladabi. Kada shi ce zai yi komai. Ka sake karanta ma abokan naka haka, ka lura ko wani zai taɓa wayarshi. In ka gyara turo min kafin Juma'a, Asabar ina Kaura. Sai da safe.