Hantar da ake rainonta a ɗakin gwaji za ta maye gurbin dashe?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko hantar da masana ke rainonta a ɗakin gwaji ta kai a dasa wa mai ciwon hanta. Tukuna dai, da sauran tafiya.

Abin da ake samu ba cikakkiyar hanta ba ce. Ɗan dunƙulen tsoka ne, wani ma sai da madubin ƙara girma ake ganinsa. Ana ɗibar ƙwayoyin halitta daga fata ko jini, a mayar da su ƙwayoyin asali masu iya rikiɗa zuwa kowane sashe na jiki, dabarar da Shinya Yamanaka ya yi nasara a kanta da ƙwayoyin ɗan Adam a 2007. Daga nan sai a riƙa ba su sinadarai daki-daki har su kama hanyar zama hanta.

A 2013 Takanori Takebe da abokan aikinsa a Yokohama ta Japan suka cakuɗa irin waɗannan ƙwayoyi da na jijiyar jini da wasu masu tallafa musu. Cikin kwana biyu zuwa uku suka dunƙule da kansu, ba wanda ya jera su. Abin mamaki, da aka dasa wa ɓera, jijiyoyinsu suka haɗe da nasa.

Inda gizo ke saƙa shi ne girma. Idan dunƙulen ya yi kauri babu jini mai gudana, iskar oksijin ba ta isa tsakiyarsa, sai ƙwayoyin ciki su mutu. Aikinsu ma ya fi kama da na hantar ɗan tayi.

A ganina, amfaninsu na yanzu ya fi ƙarfi wajen gwada ko sabon magani zai cutar da hanta, da kuma nazarin cututtukan gado.