Tambaya da Amsa: Mece ce ma'anar gerrymander?

Tambaya: Malam, na ci karo da kalmar gerrymander a darasin kimiyyar siyasa. Abokina ya ce satar akwatin zaɓe take nufi. Haka ne?
Daga wani ɗalibi, Ƙauran Namoda, Jihar Zamfara

Amsa: Ɗana, abokin naka ya kusa, amma bai kai ba. Satar akwati ranar zaɓe ake yin ta. Wannan kuwa tun kafin a kafa rumfa ake gama ta, da alƙalami da taswira. Ma'anarta ita ce a yanka iyakokin mazaɓu da gangan yadda jam'iyya ɗaya za ta ci riba.

Asalinta sunan mutum ne. A 1812 gwamnan jihar Massachusetts ta Amurka, Elbridge Gerry, ya sa hannu a dokar da ta sake rabon mazaɓun majalisar dattawan jihar don amfanin jam'iyyarsa. Wata mazaɓa ta fito a karkace, har jaridar Boston Gazette ta zana ta da kai da farata da fukafukai, aka ce ta yi kama da salamander, wata dabba mai siffar ƙadangare. Sai aka haɗa sunan gwamna da wutsiyar sunan dabbar. Abin dariya, shi Gerry ya faɗi zaɓen gwamna a shekarar, amma jam'iyyarsa ta riƙe majalisar dattawan. A 1813 ya zama mataimakin shugaban ƙasa.

Ga yadda dabarar take. Ɗauki masu zaɓe 50: 30 na jam'iyyar Alif, 20 na Ba, a raba su mazaɓu biyar, goma-goma. Mai wayo zai cusa 'yan Alif tara-tara a mazaɓu biyu, sauran 12 ya watsa su huɗu-huɗu a ukun da suka rage, inda 'yan Ba suke shida-shida. Sai jam'iyyar Ba ta ci kujeru uku, Alif mai rinjaye ta tashi da biyu, kuma ba a taɓa ƙuri'ar kowa ba. Ni a ganina wannan ta fi satar akwati muni, don ba ta barin shaidar da za a kai kotu cikin sauƙi.

Ana amfani da kalmar a matsayin suna da aikatau. Yau da sautin "j" ake faɗinta, ko da yake mai sunan da "g" yake kiran nasa.

A Nijeriya, tsarin mulkin 1999 INEC ya ba aikin yanka mazaɓu, ba gwamna ba. Kuma kada ka rubuta kalmar a jarrabawa kan rikicin akwati a Gusau ko Talata Mafara, malaminka zai ja maka jan biro.