Tambaya da Amsa: Ciki Biyu da Falo a Abuja, Ina Ake Samun Mai Sauƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum. An yi mini canjin wurin aiki daga Zariya zuwa Abuja, ofishinmu yana Sakatariyar Tarayya. Ina da iyali da yara uku, ina neman hayar ciki biyu da falo wanda albashi zai iya ɗauka. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri. Maitama, Asokoro da Wuse 2 ka cire su daga lissafi, ko Gwarinpa ma sai mai ƙarfi. Masu albashi Kubwa, Dutsen Alhaji, Lugbe, Karu da Nyanya suke nufa. In aljihu ya ƙara matsewa, sai Kuje, ko Mararraba a jihar Nasarawa, ko Suleja a jihar Neja.

Sai dai arhar nesa tana cin kuɗin mota. Ka ɗauki kuɗin zuwa da dawowa na rana ɗaya, ka ninka sau 22 (kwanakin aiki a wata), ka sake ninkawa sau 12 (watannin shekara), ka ɗora a kan hayar. Sau da yawa a nan kuɗin gidan Mararraba yake kamo na Karu, ga kuma cunkoson hanyar Nyanya zuwa shataletalen AYA da ke sa ma'aikaci fita da asuba.

Kuɗin da dillali ya faɗa maka kuwa somin taɓi ne. La'adarsa yawanci kashi 10 cikin 100 ce, kuɗin lauya kashi 5 zuwa 10, sannan kuɗin ajiya saboda ɓarna, wanda ya kamata a mayar maka ranar tashi. Misali, gidan naira miliyan 2 zai iya kai ka miliyan 2.4 kafin a zo kan ajiyar. In cikin rukunin gidaje ne, akwai kuɗin gadi da kwasar shara. Hanyar rage wannan nauyi ita ce cigiya wajen abokan aiki, masu gadi da masallacin unguwa, domin su ke fara jin labarin wanda zai tashi.

Wajen duba gida, kada sabon fenti ya ruɗe ka. Ka shafa ƙasan bango ka ji ko da danshi, ka dubi katangar waje ko ruwa ya bar zane a jikinta. Wasu sassan Lugbe da Lokogoma sun sha ambaliya, don haka ka tambayi maƙwabta yadda layin yake a watan Agusta. Ka buɗe famfo da kanka. Gidan da ba burtsatse, 'yan garuwa ne za su cinye rarar da ka samu. Ka tabbatar da mita mai kati wadda ba a haɗa ka da kowa ba, kuma a duba lambarta a ofishin AEDC, kamfanin rarraba wutar lantarki na Abuja, don bashin tsohon ɗan haya yana bin mitar, ana cire shi duk lokacin da ka sayi wuta. Ka kuma tambaya ko layin Band A ne, wato rukunin da aka fi ba wuta: wutar tana samuwa, amma da tsada tun ƙarin da aka yi a Afrilun 2024. Ginin da ka ga jan fentin hukuma a jikinsa, ka wuce abinka, rusau ne ke tafe.

Kada ka tura ko sisi kafin ka shiga gidan ka kuma ga mai shi ko lauyansa. Dillalin bogi yakan karɓi kuɗin mutum uku a kan gida ɗaya. Ka biya ta banki, cikin asusu mai sunan da ke kan yarjejeniya, ka karɓi rasit. A dokar Abuja, mai hayar shekara yana da notis na wata 6, sai dai in yarjejeniyar ta rage shi, don haka ka karanta wannan layin kafin ka sa hannu, ka kuma sa a rubuta wanda zai gyara rufi da famfon burtsatse in sun lalace.